Kura ga tsoro ga ban tsoro: tarihin kalmar "dastardly"

Duk wanda ya saba karanta sanarwar gwamnati a Nijeriya ya san kalmar nan, ko da bai taɓa buɗe mata ƙamus ba. Bam ya tashi a kasuwa, ko 'yan bindiga su faɗa wa wani ƙauye da asubar fari, kafin la'asar mai magana da yawun gwamna ya fitar da takarda: mai girma gwamna ya yi tir da wannan "dastardly act", ya kuma umarci jami'an tsaro su zaƙulo duk mai hannu a ciki. Masu fassara a gidajen rediyo sai su ce ɗanyen aiki, ko aika-aika, wani lokaci su ce rashin imani. Mai sauraro ya gane, labari ya wuce. Amma ka ɗauki wannan kalma ka kai ta Landan yau, ka furta ta da gaske a gaban matashin Bature, da wuya bai yi murmushi ba, domin a kunnensa kalmar 'yan wasan kwaikwayo ce da zane-zanen yara na talabijin. A Abuja da Delhi kalmar makoki ce, a Ingila ta raha. Tafiyar da ta kawo ta nan ta kusa shekara 600, kuma a farkonta babu ko ƙanshin mugunta.

A wajajen 1440 wani malamin coci a garin Lynn, cikin gundumar Norfolk ta gabashin Ingila, ya haɗa wa 'yan makaranta ƙamus na Ingilishi zuwa Latin. Sunansa Promptorium Parvulorum, wato rumbun ƙananan yara, kuma shi ake ɗauka ƙamus na farko irinsa. A cikinsa akwai "dastard", uwar kalmar tamu. Malamin ya jera ta da "dullard", wato dolo, a wani wurin kuma ya haɗa ta da mutumin da ba ya iya magana a lokacin da ya kamata. Babu maganar takobi ko jini. Sakarai ne kurum, irin wanda za a yi wa tambaya ya tsaya yana zare ido, baki buɗe.

Daga ina dolon ya fito? Yawancin masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa tushensa ɗaya da "daze", kalmar da har yau take nufin ɗimuwa, irin wadda ke kama mutum in an kwaɗa masa abu a ka. Ita kuma an fi danganta ta da harshen mutanen arewacin Turai, 'yan Viking ɗin nan masu kai hari ta teku, waɗanda a bakinsu "dasask" ke nufin galabaita saboda sanyi ko wahalar tafiya. Babbar rundunarsu ta sauka Ingila a 865, ta ci birnin York a 866, jikokinsu suka zauna a gabas da arewa suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Har yanzu Bature ba ya iya kiran ƙwai, ko wuƙa, ko taga, ko sararin sama, sai da kalmarsu. Wasu masanan kuma sun nuna cewa a harshen Holan na wancan zamani akwai kalma mai kama da ita da ke nufin wawa, abin da ba zai ba da mamaki ba in aka tuna Lynn gari ne na tashar jiragen ruwa da ke ciniki da tsallaken teku. Ko ta wace ƙofa ta shigo, hoton ɗaya ne: mutumin da kansa ya ɗaure, jikinsa ya mutu.

Wutsiyar kalmar ta fi kanta ban sha'awa. Ɗafin nan na "-ard" Faransawan Normandi ne suka shigo da shi bayan sun ci Ingila a 1066, su ma daga ƙabilun Jamus suka gaje shi, inda "hard" ke nufin ƙarfi da jarunta. Shi ne a ƙarshen sunaye irin su Richard da Gerard da Leonard. Na ƙarshen nan ma'anarsa mai ƙarfin zaki. Sai bakin jama'a ya juya ɗafin yabo ya mai da shi na gatse. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin abin da muka yi wa kalmar sarki ke nan. Sarauta mafi girma a gari, amma muna da sarkin ƙarya, sarkin barci, sarkin tsoro. Haka "drunkard" ya zama sarkin sha, "sluggard" sarkin lalaci, "braggart" sarkin cika baki. Shi ko "dastard", sarkin ɗimuwa ke nan.

A nan ya kamata in kau da wani zato da ni ma na daɗe ina yi, cewa kalmar 'yar uwar "bastard" ce, wato shege. Ɗafin kawai suka haɗa, tushensu daban. Sai dai kunne ba ya tambayar tushe. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ina da yaƙinin wannan kamanni ya ƙara wa tamu nauyi: mutumin kirki da ba zai iya furta waccan a bainar jama'a ba yana iya furta wannan, kowa ya ji amon zagin ba tare da an yi zagi ba. Abin dariya, shi kansa William da ya jagoranci Normandawa a 1066, laƙabin da aka san shi da shi ke nan kafin ya zama sarki, don mahaifinsa bai auri mahaifiyarsa ba.

Saura guntun ƙarshe, "-ly", wanda shi ne na gida. Daga tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin jiki ko siffa ya samo asali. An liƙa shi a jikin "dastard" cikin ƙarni na 16, aka sami sifa: mai kama da sarkin ɗimuwa. Harsuna uku ke nan a cikin gaɓa uku. Masu koyon Turanci su lura, duk da wannan ƙarshe nata ba bayanau ba ce, sifa ce kamar "friendly", suna take bi ba aikatau ba.

To, ta yaya dolo ya zama matsoraci? Hausa ta riga ta bi wannan hanya da kalmar raggo. Raggo a gona shi ne wanda ya kasa kai kunya, raggo a fagen fama shi ne wanda ya kasa tsayawa, kuma ba mu ga bukatar raba su ba. A zamanin da ake yaƙi ido da ido, wanda ya daskare lokacin da dawaki suka taho da wanda ya juya baya duk abu ɗaya suka jawo wa na kusa da su. Ingila kuwa a lokacin tana tsakiyar dogon yaƙinta da Faransa, kuma ta fara shan kashi, lokacin da kowa ke neman wanda zai ɗora wa laifi.

Wanda aka ɗora wa shi ne Sir John Fastolf, shi ma ɗan Norfolk. Ranar 18 ga Yuni, 1429, makonni kaɗan bayan jarumar Faransa Joan ta Arc ta kori Ingilishi daga birnin Orleans, rundunonin biyu suka haɗu kusa da Patay. Ƙarfin Ingilishi a wancan zamani 'yan baka ne, waɗanda kan kafa turaku masu tsini a gabansu su tare dawaki. A ranar ba su gama kafawa ba. Marubuta tarihi na lokacin sun ruwaito cewa wani barewa ne ya ratsa ta cikinsu, suka yi ihun farauta, 'yan leƙen asirin Faransa suka ji inda suke. Dawaki suka tattake su. Aka kama babban jarumin Ingila, John Talbot, ya shekara huɗu a hannun Faransawa. Fastolf, da ya ga yaƙi ya riga ya ɓaci, ya janye da abin da ya iya tsiratarwa na mayaƙa. Mutumin da ya shafe shekaru yana yaƙi a Faransa ne, kuma binciken da aka yi daga baya ya wanke shi. Amma wankin hukuma bai kai ƙarfin dandalin wasa ba. Kimanin shekara 160 bayan haka, a wasan kwaikwayon Shakespeare na farko kan sarki Henry na Shida, sai ga Talbot a gaban sarki yana fizge ɗamarar girmamawa ta Garter daga ƙafar Fastolf, yana nuna shi yana cewa "this dastard". Wannan raggon. A gaban fada, da sunansa, da yatsa a fuskarsa. Ku riƙe wannan hoto, za mu dawo gare shi.

Ingilishi dai yana da wata kalmar ta matsoraci, "coward", wadda ta fito daga kalmar Faransanci mai nufin wutsiya, kamar dai kare ya naɗe tasa ya ranta a na kare. A tatsuniyoyin dila na Faransa ma sunan zomo ke nan, dabbar da mu a nan muka fi sani da wayo. Tun da akwai wannan, me ya sa ake bukatar ta biyu? Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya ba da amsa a taƙaice: "dastard" mutum ne da ya yi ƙaurin suna wajen tsoro. Wato tsoro abu ne na zuci, kowa na iya jinsa, amma wannan abin kunya ne da gari ya shaida. Har zuwa 1808, da Walter Scott ya so ya kwatanta angon da bai cancanci amarya ba a wata waƙarsa, cewa ya yi mai nawa ne a soyayya, "dastard" ne a yaƙi. Ma'anar tana nan inda Talbot ya bar ta.

Sai dai tun kafin nan wata ma'anar ta fara tsiro a gefenta. Matsoraci ma yana da abokan gaba, yana da ƙiyayya. Tun da ba zai iya tunkararsu ba, me zai yi? Zai sa guba a abinci, zai bi dare, zai soki mutum ta baya, zai huce a kan mace ko yaro. Manyan Ingila na ƙarni na 17 da 18 suna da al'adar raba gardama da takobi ko bindiga, mutum biyu, bisa ƙa'ida: a aika da takardar ƙalubale, a sa rana da wuri, kowa ya zo da mai shaida. Kisa a haka, ko da doka ta hana, jama'a ba su ɗauke shi abin kunya ba. Abin kunya shi ne ka hana abokin karawarka damar kare kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san wannan shari'a. Ka kayar da mutum bayan kun ja daga, makaɗa su wasa ka. Ka shammace shi yana gyara zare, ko ya faɗi ba ka yi kisa ba, ka dai zubar da mutuncin ɓangarenku. A haka nauyin kalmar ya tashi daga abin da mutum ya kasa yi, wato tsayawa, ya koma kan abin da ya yi daga maɓoya. Kirarin kura ya fi kowane ƙamus kama wannan: ga tsoro ga ban tsoro. Ba ta tunkarar namiji da rana, amma ka bar akuya a waje da dare.

Ranar da kalmar ta kai ƙololuwarta ita ce 8 ga Disamba, 1941. Kwana ɗaya kafin nan jiragen saman Japan sama da 350 sun tashi daga manyan jiragen ruwa shida sun afka wa sansanin Pearl Harbor a Hawaii, suka kashe Amurkawa fiye da 2,400. Shugaba Franklin Roosevelt ya tsaya gaban majalisun biyu, ya yi gajeren jawabi, a jimlarsa ta ƙarshe ya roƙi a ayyana yaƙi saboda harin da ya kira "unprovoked and dastardly". Babu wanda zai ce matuƙan da suka keta teku mai nisan dubban kilomita suka shiga cikin ruwan harsasai raggaye ne. Abin da Roosevelt ke nufi shi ne an kai harin da safiyar Lahadi, ba a ayyana yaƙi ba, alhali jakadun Japan biyu, Nomura da Kurusu, suna Washington ana tattaunawa da su. Takardar yanke tattaunawar ma ba ta isa hannun sakataren harkokin waje Cordell Hull ba sai bayan bama-bamai sun fara sauka. Shammata ce a matakin ƙasa da ƙasa. Majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 82 ba hamayya, ta wakilai 388 da 1.

Amma a daidai lokacin da take wannan aiki mai nauyi, gara ta riga ta shiga gindinta. Gidajen wasan kwaikwayo na talakawan Ingila a ƙarni na 19 sun cika da labaran mugun attajiri mai baƙar riga da murɗaɗɗen gashin baki, wanda ke ƙulla wa marainiya sharri, kuma duk abin da ya aikata "dastardly deed" ne. Yawan maimaitawa ya cinye ta, kamar yadda yawan rantsuwa ke cinye gaskiyar ɗan kasuwa. A 1968 kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ya ƙarasa ta: ya fito da zanen tseren motoci na yara, ya raɗa wa mugun ciki suna Dick Dastardly, da karensa Muttley mai dariyar shaƙewa. Kullum sai ya wuce kowa, sai ya tsaya ɗana wa na baya tarko, tarkon ya kama shi. In ka lura, sakarcin nan na ƙamusun 1440 ne ya dawo ta bayan gida. Yaran da suka tashi da wannan zane su ne editoci da 'yan majalisar Ingila na yau, shi ya sa kalmar ba ta fita bakinsu sai da ɗaga gira.

A tsoffin ƙasashen da Ingila ta mallaka kuwa ba ta rasa ko ƙwayar nauyinta ba. Ranar 14 ga Fabrairu, 2019, da ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe jami'an tsaron Indiya 40 a Pulwama, da wannan kalma Firaminista Narendra Modi ya yi tir da harin. A Nijeriya kuwa ba sai an kawo misali ba. Akwai masu bayyana wannan da cewa harshen da aka kai wata ƙasa kan tsaya a inda aka sauke shi, na gida ya ci gaba da tafiya. Akwai gaskiya a ciki, amma ban gamsu ita ce duka ba. Ɗan Legas ko ɗan Kano da ke hira da Turanci a Facebook ba ya kiran kowa "dastardly". Kalmar ta ofis ce, ta takardar da aka buga wa hatimi, tana tafiya da ƙawayenta irin su "miscreants" da "nefarious". Turancinmu na hukuma daga kotu da gazet da littattafan adabi na jarrabawa muka gaje shi, sannan jaridun 'yan kishin ƙasa, tun daga West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, suka koya wa masu karatu cewa babbar magana sai da babbar kalma. Mu kuma mutane ne da suka san darajar kirari. Sanarwar ta'aziyya da kalmomin yau da kullum sai a ga kamar gwamna bai damu ba.

Wata taƙaddama da aka yi a Amurka ta nuna abin da aka rasa da aka mai da kalmar abin wasa. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, manyan ƙasar sun yi ta kiran maharan matsorata. Marubuciya Susan Sontag ta musa a mujallar New Yorker, mai barkwanci Bill Maher ma ya ce a shirinsa na talabijin, duk abin da za a ce da mutumin da ya zauna cikin jirgi har ya daki bene, ba za a ce ya ji tsoro ba. Aka yi musu ca, masu talla suka janye, tashar ABC ta rufe shirin a 2002. A ganina ɓangarorin biyu magana biyu suke yi da kalma ɗaya. Su Maher suna maganar tsoron mutuwa, sauran jama'a suna maganar zaɓen wanda ba shi da makami. Tsohon Ingilishi ya riga ya ware wa ma'ana ta biyu kalmarta, sai dai a lokacin ta koma hannun Muttley da ubangidansa.

In muka dawo ga mai fassararmu na gidan rediyo, zai zama rashin adalci a ce ya yi kuskure. Ɗanyen aiki yana nuna abin da aka yi ba tunani, bai nuna ba. Aika-aika tana nuna girman ɓarnar. Rashin imani, wadda na fi jin ta a bakin waɗanda abin ya shafa, tana auna maharin da tsoron Allah da tausayin bayinsa. Ma'aunin Bature na asali daban ne, da mazantaka yake aunawa: da ka fito fili da ba ka iya ba. Kuma a cikin wannan akwai wani ɓoyayyen uzuri da fassarar Hausa ke zubarwa, wataƙila ma gara da ta zubar. Hukumar da ta ce an kai mata "dastardly attack" tana cewa ne a fakaice, ba a fi ƙarfina ba, shammata ta aka yi. Roosevelt yana da hujjar faɗin haka, duk da haka ba a yi kwana 11 ba aka sauke kwamandojin Hawaii biyu, Kimmel da Short, daga muƙamansu. Ƙauyen da aka faɗa wa sau huɗu cikin damina ɗaya, bayan mazauna sun kai rahoton ganin babura a bakin daji, ban san da wane baki za a ce an shammaci masu tsaronsa ba.

Akwai kuma abu na ƙarshe da nahawun kansa ya tona. Sunan "dastard" ya mutu. Ƙamusoshin yau suna sa masa alamar tsohon yayi, ba za ka ji shi ko a sanarwar gwamnati ba. Sifar ce ta rayu, ita ma ta fi hawa kan aiki fiye da kan mutum: hari, kisa, makirci. Talbot na wasan kwaikwayo ya kama ƙafar wani mai suna, a gaban sarki, ko da tarihi ya nuna zaluntarsa ya yi. Takardar da ke isa ɗakin labarai da la'asar tana da aikin, tana da sifarsa mai gaɓa uku, a gurbin mai aikin kuma mai fassara zai tarar da abin da ya tarar jiya, ya rubuta: wasu 'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba.